Cutar da ke cikin tur'a da ƙuri'ar da ke hannunku

Jawabi ga Hausawan Jazira, Sinnar da Nil Azrak, Maris 2010

 

 Aikina a jam'iyya fassara ne, kuma yawancin abin da ake ba ni in juya zuwa Hausa alkawura ne. Na san kunnenku ya cika da alkawari, saboda haka yau da wani abu daban na zo. Shekara da shekaru likitoci da malaman jami'a suna shiga ƙauyukanmu, suna karɓar fitsari da bayan gida da jinin 'ya'yanmu a 'yan kwalabe, suna tafiya. Sun rubuta abin da suka gani da Turanci, an buga a ƙasashen waje, amma ba a dawo an karanta mana ba. Shi zan karanta muku. Wanda ya iya boko ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan da ke cikin gida, domin rabin maganar tasu ce.

A shekarar 2006 gwamnati da kanta, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike gida-gida a kan lafiyar iyali a dukan wilayoyin Sudan. Cikin yara 1000 da aka haifa da rai, a ƙasar baki ɗaya 112 ne suke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A wilayar Jazira 63 ne. A Nil Azrak 178. Ku sake sauraron wannan na ƙarshe: fiye da yaro ɗaya cikin shida. Kogi ɗaya muke sha, ƙasa ɗaya, shugaba ɗaya, amma uwar da ta haihu a Rusairis ko Gisan ko Kurmuk ta fi uwar da ta haihu a Jazira fuskantar binne ɗanta kusan sau uku. Ba mu muka ƙirƙiro wannan lissafi ba. Da hatimin ma'aikatar lafiya ya fito.

Za su ce yaƙi ne ya jawo. Akwai gaskiya a ciki, domin mutanen Kurmuk sun san sau nawa garinsu ya sauya hannu tun 1987. To amma an sa hannu a kan sulhu ranar 9 ga Janairu 2005. Shekara biyar ke nan. Ku da kuke zaune a can ku ne alƙalai: shafakana nawa aka buɗe muku, kuma cikin waɗanda aka buɗe, nawa ne ke da magani a ciki?

Ku kuma mutanen Jazira, kada 63 ɗin nan ya sa ku saki jiki. Lissafi ne na wilaya dunƙule. An haɗa ɗan ma'aikacin da ke Wad Madani, mai famfo a tsakar gida da asibiti a bayan layi, da ɗan mai tsinkar auduga da ke kambo, aka raba daidai. Kamar a zuba nonon mai shanu goma da na mai akuya ɗaya a ƙwarya guda ne, a ce kowannensu yana da rabi. Binciken bai ware kambo ya ce ga yawan yaran da ke mutuwa a cikinsa ba. Wilaya ya ƙidaya, mu kuwa muka ɓace a cikin wilayar.

Kun fi ni sanin kambo, amma bari mu tuna yadda aka yi ya samu. Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya sauka a gaɓar kogi kusa da Sinnar wajen 1906. Madatsar ruwa ta Sinnar sai 1925 aka gama ta. Ke nan garin Mai Wurno ya girmi madatsar da kusan shekara ashirin. Da aka buɗe mashru'in Jazira, aka raba hawasha, sai aka rasa hannayen da za su yi shuka da noma da tsinka da tuge karan auduga. Kakanninmu, da Fulani da Barebari da Zabarmawa, da mutanen Darfur, su suka cika wannan gurbi. Aka ce su zauna kusa da gona, a ɗan filin da ya rage tsakanin hawasha da tur'a, na ɗan lokaci. Na ɗan lokacin nan ne ya kai shekara tamanin da biyar. Tun da ba a yi wa wurin rajista a matsayin ƙauye ba, ba a lissafa shi idan za a raba tankin ruwa, ko makaranta, ko shafakana. Ruwan sha tur'a, wanka tur'a, wanki tur'a, alwala tur'a. Wanda ba shi da masai kuma, kun san inda yake zagayawa.

A wannan tur'a ne masu bincike suka fi daɗewa. Tun shekarun 1970, Farfesa Mutamad Amin na Jami'ar Khartum da wani Bature mai suna Alan Fenwick da abokan aikinsu suka zauna a Jazira suna bin sawun tsargiya, wadda ake kira bilharziya a nan. Iri biyu ce. Akwai ta fitsarin jini da kowa ya sani, wadda har wasu ke ɗauka alamar balagar yaro ce. Akwai kuma ta hanji, ita ce ta fi yawa a Jazira, kuma ita ce mugu, domin a ɓoye take aiki. Shekaru tana cin hanta tana kumbura saifa, sai wata rana magidanci ɗan shekara talatin da biyar ya kama aman jini a gona.

Hanyarta kuwa a fili take. Mai cutar ya yi bawali ko bayan gida a bakin ruwa, ƙwan tsutsar ya shiga tur'a ya ƙyanƙyashe, ya shige cikin ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa. Bayan kamar wata guda sai dubban 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani su fito, kuma da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Ta fata suke shiga. Ko ba ka sha ba, tsayawa a ciki ya isa. Masu binciken sun zauna a bakin tur'o'i suna rubuta wa ya shiga, ƙarfe nawa, don me. Sun duba manyan tur'o'i, sun duba har abu ishirin da ke ratsa gonaki. A 1982 suka buga wani bincike na musamman a kan mazaunan masu aikin ƙwadago, wato irin namu, suka tarar cutar ta yi katutu a cikinsu.

Wani binciken da aka buga a 1980 ya gwada ƙarfin maza masu yashe tur'a, waɗanda ke wuni cikin ruwa har ƙugu suna cire ciyawa da laka. Su aka samu da tsutsa mafi yawa a jiki, kuma na'ura ta nuna ƙarfin aikinsu ya ragu. Wata mai bincike, Melissa Parker, ta bi mata masu tsinkar auduga a wani ƙauye na Jazira, ta buga sakamakon a 1992. Ta ga matan da ke da cutar suna gaggawar tsinka da safe iya ƙarfinsu, da yamma kuma da yawansu ba sa iya komawa gona. Iyayenmu mata, kun san wannan gajiya. Sau nawa aka kira ta lalaci? Kuma da yake kuɗin tsinka a kan awo ake biya, cutar da aikin ya sa wa mace ita ce take rage mata ladan aikin.

Akwai wata tsohuwar magana da ta daɗe tana bin mu, cewa mu muka kawo cutar daga yamma. Tun zamanin Turawa likitocin gwamnati suke ɗora laifin a kan baƙi. An riƙa tsare leburorin Masar a Wadi Halfa ana gwada su, mutanen yamma ma ana bincikensu kafin su shiga yankin mashru'i. Duk da haka cutar ta kafu, domin an haƙa dubban kilomitoci na ruwa mai tafiya a hankali, an zaunar da mutane a bakinsa ba rijiya ba masai. Da aka gama madatsar Rusairis a 1966 ruwa ya ƙaru, aka faɗaɗa noman alkama da gyaɗa, tur'o'in da a dā suke bushewa wasu watanni suka koma da ruwa kusan duk shekara. Dodon koɗi ya samu gida na dindindin, sauro ma haka. Zazzaɓin da a dā na damina ne ya zama na kowane wata. Ba Bahaushe ne ya tsara wannan ba, shi dai aka ajiye a bakin ruwan.

Ga wani labari da ya kamata mu riƙe, daga bakin kogin Rahad a wilayar Gadarif. Daga Afrilu 1994 zuwa Afrilu 1996 likitocin Jami'ar Khartum, cikinsu har da Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan, suka bi ƙauyuka biyu suna ƙidayar masu kamuwa da kala'azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa da ɗan ƙaramin ƙuda ke sawa a yankin baƙar laka da itatuwan aduwa da talha. Ƙauye ɗaya Um Salala, na Masalit waɗanda ba su daɗe da zuwa daga Darfur ba. Ɗayan Mushra Koka, na Hausawa, yawancinsu a nan aka haife su. A shekara ta biyu, cikin mutum 1000, kusan 38 ne suka kwanta da cutar a Um Salala, a Koka kuwa ba su kai 5 ba. Mutanen Koka ma ƙudan yana cizonsu, ƙwayar cutar tana shiga jininsu, amma yawancinsu jikinsu yana danne ta. Masu binciken sun lura cewa mutanen Koka sun fi samun abinci mai gina jiki. Wasu masana suna duba ko gado ma yana da hannu a ciki, ba zan ɓoye muku wannan ba. Amma ku duba: a wurin da Bahaushe ya samu ya zauna daram, yana da gonarsa da lambunsa da kifinsa, shi ne mai lafiya, maƙwabcinsa sabon zuwa shi ne mai jinya. A kambon Jazira Bahaushe da Batame da Bamasalice layi ɗaya suke bi zuwa tur'a. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku da maganar raba ku da su, ku tambaye shi wane ruwa yake sha.

Yanzu sai babbar tambaya: ana iya maganin abin? An taɓa yi, a nan, kuma dattawan da ke zaune a gaba sun gani da idonsu. A 1979 gwamnati tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Nil Azrak, hedkwatarsa a Wad Madani, ƙarƙashin Dokta Ahmad Ayyub al-Gaddal. Sunan kogin ya ɗauka, domin yawancin aikinsa a Jazira da Managil da Rahad aka yi. Ana fesa maganin sauro a ɗakuna, ana zuba maganin dodon koɗi a wuraren da mutane ke shiga ruwa, ana raba ƙwayar praziquantel wadda sha ɗaya take kashe tsutsar, ana gyara hanyoyin ruwan sha, ana raba murfin masai na siminti, ana koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari don gudawa. A cikin shekara goma, zazzaɓin cizon sauro da ake samu a jinin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya sauko ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Tsargiyar hanji da ta kama fiye da rabin jama'a a ƙauyuka da yawa ta sauko ƙasa da ɗaya cikin goma.

Wa'adin shirin ya cika a daidai lokacin da sojoji suka karɓi mulki ranar 30 ga Yuni 1989. Kuɗin waje ya tsaya, sabuwar gwamnati ba ta ɗauki nauyin ci gaba da aikin yadda yake ba. A 1993 da 1994 annobar zazzaɓi ta afka wa Jazira. Waɗanda suka yi jana'iza a waɗannan shekaru ba sa bukatar in tuna musu. A farkon shekarun 1990 ɗin nan ne kuma aka sa kuɗi a asibitocin gwamnati, inda a dā kyauta ake duba mutum. Mutanen da suka yi wannan su ne Mu'utamar Waɗani na yau, su ne kuma suke neman ku ƙara musu wasu shekaru a kan ashirin da ɗaya.

Kada a ce ban yi musu adalci ba. Sun kafa inshorar lafiya, kuma a wilayar Sinnar aka fara ta a 1995. A 2008 sun shelanta magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da matan da za a yi wa tiyatar haihuwa. Abu ne mai kyau a takarda. Amma inshorar da ma'aikata masu albashi ta fara, mai tsinkar auduga ba shi da albashin da za a yanka. Maganin kyauta kuwa, ku tambayi matar da ta kai ɗanta asibiti a watan jiya ko ba a miƙa mata takarda an nuna mata kantin magani na waje ba. Tun 1999 ake sayar da man fetur na ƙasar nan. A Abuja, a watan Afrilu 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Sudan ba ta kai ko kusa ba. An samu kuɗin gina madatsar Marawi, an samu na ƙara wa ta Rusairis tsayin mita goma. Wutar Rusairis tana haska Khartum tun da daɗewa, ƙauyukan da ke jin ƙarar ruwanta kuwa da fitilar kananzir ake karɓar haihuwa a cikinsu.

Wannan ƙarin tsayi ya shafe ku kai tsaye, mutanen kudancin Damazin da gabashin tafki. Ruwa zai hau gonakin bakin kogi, za a tashi ƙauyuka a mayar da su sababbin matsugunai. Abin da ya faru a Jazira bayan 1925 da bayan 1966 shi ne darasin: duk inda aka tara ruwa aka tara mutane, in ba a riga an kai ruwan sha da masai da maganin sauro ba, cuta ce take riga kowa tarewa. Tun yanzu, kafin a ɗora kayan kowa a mota, ya kamata a rubuta wa zai ɗauki nauyin waɗannan.

Sai maganar takarda, wadda ita ce tushen abin. Dokar ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda zuriyarsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wannan ya bar jama'ar Mai Wurno da duk waɗanda suka biyo bayansu a waje, aka yi ta kiran mutumin da aka haifi ubansa a nan baƙo. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Ke nan duk wanda iyayensa ke nan kafin samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa, doka ce ta faɗa. Amma har yau ku kuka san irin tambayoyin da ake yi wa mai sunan Hausa idan ya je neman jinsiya. Ba mu manta da watan Oktoba 2008 ba, lokacin da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa maganar da ta taɓa asalinmu, jama'a suka fito a Gadarif da Port Sudan, aka rasa rayuka, shi kuma ya musanta cewa ya faɗa. Mutum marar takarda, a ƙauye marar rajista, ba ya cikin lissafin kowa idan ana rabon magani.

Na san akwai dattawan da ke cewa mu matafiya ne, alhazai a kan hanya, siyasar ƙasar nan ba tamu ba ce. Baba, Allah ya cika maka burinka na zuwa Makka. Amma jikanka a nan aka yanke masa cibiya, ruwan nan yake sha, kuma malamanmu ba su taɓa hana neman magani ba.

Abin da 'yan takararmu suka sa hannu a kai a gabanmu ke nan. Na farko shi ne rajistar kambuna, a ba kowane iyali filin zama da takardarsa, nesa da bakin tur'a, ruwan sha ya riga komai zuwa. Dokar mashru'in Jazira ta 2005 ta miƙa kula da ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin masu hawasha. Wanda ke shan ruwan ba shi da kujera a cikinsu, kuma za mu nemi a gyara wannan. Za mu nemi a dawo da rabon maganin tsargiya ga yara kowace shekara, a makarantar boko da ta allo, domin yaranmu da yawa a tsangaya suke, mai zuwa makarantar gwamnati kaɗai ba zai same su ba. Za mu nemi duk binciken lafiya da za a yi nan gaba ya ware kambuna da ƙauyukan kan iyaka ya faɗi lissafinsu daban, a kuma karanta shi ga mutanen wurin da harshensu.

Sai ungozoma, wadda a ganina ta fi komai gaggawa a Nil Azrak. Idan damina ta sauka hanyar Kurmuk da ta Gisan yankewa suke yi, mace mai doguwar naƙuda sai a kan gado ko bayan tarakta. Matanmu da yawa ba sa jin Larabci sosai, kuma ba za su buɗe wa namiji baƙo sirrinsu ba. Maganin wannan shi ne a ɗauki 'yar ƙauyen a horar da ita, a dawo da ita ƙauyen, a sa ta cikin masu albashi. Kada wani ya ce 'ya'yanmu ba su da shahada. Makarantar ungozomomi ta Omdurman da aka buɗe a 1921 da matan da ba su iya karatu ba ta fara, ta ƙamshi da ɗanɗano suke gane magunguna, kuma sun yi aikin da aka yaba.

Kafin duk wannan ya samu, ga abin da ke hannunku yau: ruwan tur'a da aka ajiye kwana biyu cur a randa, tsutsar tsargiya da ke ciki ta mutu, ana iya wanka da shi. Na sha kuwa a tafasa, domin ajiyewa ba ta kashe cutar gudawa. A hana yara iyo da tsakar rana iya yadda za a iya. Wanda ya ga jini a fitsari ko bayan gida ya nemi a gwada shi.

Zaɓe daga 11 zuwa 13 ga Afrilu ne. A Nil Azrak takardu takwas za a ba kowa: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar wilaya. Kada ku raina na majalisar wilaya, domin bisa yarjejeniyar 2005 ita ce za ta gudanar da shawarar jama'a, inda za a tambayi mutanen Nil Azrak ko sulhun ya biya musu bukata, kuma a can ne za mu ajiye lissafin 178 a kan tebur. Akwai takarda ta jerin mata, kashi 25 cikin ɗari na kujeru nasu ne, saboda haka maigida ya bar iyalinsa su fita. Ku riƙe 'yar takardar rajistar da aka ba ku a watan Nuwamba ko farkon Disamba. A bayan labule kai kaɗai ne, mai hawasha ba ya ganin inda ka sa alama, shehun unguwa ma haka. Alamar jam'iyyarmu tana bayan wannan takarda, ku nuna wa tsofaffi ita tun a gida.